Kujerar da Na Kai wa Matar Baba Mati

Kano zuwa Saminaka

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na fita daga gida da kujerar madaci da na haɗa da hannuna, a naɗe cikin bargo. A tasha kuɗin mutum biyu na biya, don na rantse ba za a ɗaure ta a saman mota ba.

"Alhaji, amarya ce?" in ji direba.

"Ta fi amarya," na ce masa.

Baba Mati ne ya koya mini kafinta a Jos. Mutumin Finland ne, sunansa Matti, mu muka mai da shi Mati. Ya zo gina wata makaranta, ya auri Mama Ladi, suka haifi 'ya'ya huɗu, bai ƙara komawa ba. Ba ya sa ƙusa a kujera. In ka haɗa katako, sai ya yago takarda ya tura a mahaɗar, in ta shige aikinka ya tashi. Ni kuwa wata rana na yi wayo, na buga ƙusa biyu na shafe da gam. Ya gane, ya karya kujerar a gaban mai ita. Na yi zuciya na taho Kano, ko jana'izarsa ban je ba. Da 'yarsa Hanatu ta kira ni taron tunawa da shi, sai da na tambaye ta ko Mama ta san da zuwana. Ta ce, "Kai dai ka zo." Wannan amsa ce ta hana ni sukuni.

Mun wuce Kwanar Ɗangora bakwai saura. A dajin Falgore shinge uku, a na ƙarshe soja ya kwance bargon, ya zauna a kujerar, ya ce a sayar masa, na ƙi. Goma da kwata muka karya da masa da shayi a Saminaka, ni dai turawa kawai nake yi.

Jos

Sha biyu da rabi muka sauka a tashar Titin Bauchi. Na biya Dutse Uku wajen ƙanena na yi azahar, sannan na ɗauki keke mai ƙafa uku zuwa Anguwan Rukuba.

Gidan cike yake da jikoki da tsoffin almajiran shago. Ana ta labarinsa: yadda yake wuni bai yi magana goma ba, yadda yake goya Hanatu da zani ya fita titi, mata na dariya. Mama Ladi na zaune a kan tabarma, ta tsufa sosai. Na durƙusa na gaishe ta.

"Sabo, kai ne?"

"Ni ne, Mama."

Ta dubi kujerar, ba ta dube ni ba. Ta ce wa Hanatu, "Kawo takarda." Ta bi mahaɗa takwas ɗaya bayan ɗaya. Wallahi gumi nake yi duk da sanyin Jos. Takarda ta lanƙwashe, ba ta shiga ko ɗaya ba.

Ta sa aka ɗaga ta, ta zauna a kai. "Kullum Mati yana cewa hannunka ya fi na kowa, haƙuri ne ba ka da shi. Je ka ci gwate kafin ya huce."

Kwano biyu na ci, ina share hawaye da hannun riga.

Komawa

Washegari ƙarfe shida na hau mota, kuɗin mutum ɗaya. Tun daga Jengre nake barci har Kwanar Ɗangora. Na shiga gida da azahar, maiɗakina ta tare ni a ƙofa.

"Ta karɓa?"

"Tana kai na baro ta."

Na gode wa Allah da ya kai ni tana da rai, na gode wa Hanatu da ta kira.