Hancin Baba Bakanike

Motar da na gada daga mahaifina ta girmi autanmu, kuma mutum ɗaya ke taɓa ta, wani tsohon bakanike a Talata Mafara da kowa ke ce wa Baba. Da hanci yake gano ciwon mota. Direbobin Maradun har tsokanarsa suke yi, wai tun mota na kwanar tasha yake jin abin da ke damunta. Hancin nan shi ne jarinsa, don ba shi da na'urar da sababbin gareji ke jona wa mota.

Wata Talata na taso daga Bakura, giya tana jan ƙafa kafin ta shiga, warin fetur kuma ya cika motar har kaina na sarawa. Na sami Baba ya rame bayan jinyar da ya sha da damina. Direbobi uku na kan benci suna jira.

Bayan mun gaisa, ya zaro sandar gwada man giya, ya goga a farin tsumma. Man da ya kamata ya yi ja ya koma baƙi ƙirin. Ya kai hanci, ya daɗe, sai ya miƙo mini.

"Malam, kullum kai ka yi ma yara jarrabawa, yau taka ta zo. Mi kaj ji?"

Na ce ƙauri, kamar ƙanzon tuwo.

"Awo, ya ƙone, sai an canza shi. To zagaya, ina hetur ya hi wari?"

Na bi motar ina sunsuna kamar akuya, direbobi na ta dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ni da furfurata a mai da ni abin wasa! Na nuna gefen tanki a fusace. Ya shige ƙasa, ya lalubo tiyon da ya tsage, fetur na tsattsafowa a yatsunsa.

Da aka kira azahar, direbobin suka yi gaba, sai ya riƙe hannun rigata.

"Tun ciwon nan ko warin daddawa ban ji, Malam. In sunka sani, sun watse."

Kunya ta rufe ni, tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau da ƙasa ta rufe masa ido.

A ranar dai na ce masa, "Baba, duk Talata ba ni da aji bayan sha biyu. In riƙa zuwa jarrabawa?"