Gumin Noreen Hathersage

Sau goma sha ɗaya Noreen Hathersage ta mutu a talabijin, ita da kanta take ƙirgawa. 'Yar mai gasa burodi ce a Sheffield. Ta fara wasan kwaikwayo tana da shekara sha tara, ta yi fim huɗu, sannan ta shekara ashirin tana fitowa a matsayin mai sayar da kifi a wani shiri. Da girma ya zo, aiki ya ja baya, sai ta koma makarantar likitocin da na gama, tana kwaikwayon marasa lafiya don ɗalibai su koyi aiki.

Ta iya abinta har tana ba mu tsoro.

"'Ya'yana," takan ce tana tsoma biskit a shayi, "hawaye kam ku zaɓi idon da kuke so. Gumi ne kaɗai ya ƙi jin maganata."

Watan jiya aka tara mu, sababbin likitoci, don gwajin ƙarshe kafin mu kama aiki. Takardar da aka ba Noreen ta ce ciwon ciki za ta kwaikwaya. Ni aka tura bakin gadon da take kwance.

Sai ta dafe ƙirji, ba ciki ba.

"Kai, Noreen, yau kin wuce takarda!" in ji malaminmu Dakta Pritchard yana dariya. "Lambar yabo kike nema?" 'Yan uwana da ke baya suka tafa.

Na ci gaba da jero tambayoyin da na haddace. Ina ke ciwo? Tun yaushe? Ita dai ta kafe ni da ido. Minti uku muka yi a haka. Da na kama hannunta, sai na ji shi jiƙe sharkaf, sanyi ƙalau.

"Malam, gumi take yi," na ce.

"To, sai me?"

"Ba ta iya gumi ba!"

Ashe ciwon zuciya ne na gaske ya kama ta. Ta rayu, amma da rauni. Wasan da za ta yi a Landan bana, na farko cikin shekara tara, an ba wata.

Jiya na je duba ta.

"Mai tambayoyi, ke ce?" ta ce a hankali. "Zauna. Ina jin tafin nan fa, 'yar nan. Na ce shi ke nan, haka zan tafi, ana tafa mini."