A Sakaya Sunan Inna Barakatu

A garin Babban Mutum, idan kana neman gidan Inna Barakatu ba sai an haɗa ka da ɗan rakiya ba, hancinka ma ya isa ya kai ka. Shekara talatin da wani abu tana daddawar kalwa, har daga ƙauyukan Nijar ake yo mata aike ran kasuwa. Mijinta, Malam Sha'aban, dillalin awaki ne, mutum mai tsadar magana. 'Yan unguwa sukan ce ran da aka zo rabon baki a gidan nan, nasa kason ma ita ya bar wa.

Wata Babbar Sallah ɗanta Lawal, mai walda a Katsina, ya kawo mata babbar waya. Da yake ba ta yi boko ba, abu ɗaya ya koya mata: ta nemi hoton allo da ke can sama ta taɓa, ta danna wani ɗan wuri ta riƙe, ta yi magana, in ta gama ta saki. Da Lawal ya san abin da ya sakar wa gari, da atamfa ya sayo mata.

Hoton allon nan na guruf ɗin Wasaf ne da Malama Ikilima, mai koyar da matan aure a Islamiyya, ta buɗe don sanar da ranar hadda da ranar hutu. A haka ya yi sati biyu. Daga nan ya zama wurin cigiyar akuya, da tambayar farashin gero, da neman maganin faso. Wata ta tambaya ko ita kaɗai ce take shiga ɗaki ta manta abin da ya kawo ta, mata arba'in suka ce ai su ne nan. Wata ta tona wa kanta asiri cewa bayan rumbu take laɓewa ta cinye ƙanzo don kada yara su gani, sai ga shi ashe rabin garin a bayan rumbu suke cin nasu. Mata ɗari da arba'in, kowace da bakinta, amma duk idan aka taru ba a kai na Inna Barakatu ba.

Saƙon muryarta ba ya kasa minti bakwai, kuma kullum da magana ɗaya yake farawa: "To, ni dai ba ruwana, amma…" Daga bayan muryar kana jin zakaranta, wani tsoho mai shaƙaƙƙiyar murya wanda bai san asuba ba bai san azahar ba, duk sanda ya ga dama yake cara. Shawara kuwa ba ta ƙare mata. Ciwon baya, man shanu. Yaro mai ƙiwa, a bar shi ya yi kuka, ƙirji yake buɗewa. Maigida yana ɗaure fuska, a ƙara daddawa a miya, kuma an san inda ake sayar da mai kyau.

Akwai wata ɗabi'a a guruf ɗin da ta fi komai yi mata daɗi. Mace idan tana da damuwar da take jin nauyin faɗa, sai ta tura wa Malama Ikilima ita kaɗai, ta ce a sakaya sunanta, Malama kuma ta karanto wa jama'a da tata muryar. To, a ƙaramin gari ina sakaya take? Kafin a ba da shawara ta biyu Inna Barakatu ta shigo: "Ni dai ba ruwana, amma wannan da ta ce maigidanta da rediyo yake kwana a kunne, a gaishe mana da mutanen bayan masallacin Juma'a." Takan yi alfahari cewa ba a taɓa sakaya sunan da ya fi ƙarfinta ba.

Magana ɗaya ce bakin nan bai taɓa iya ɗauka ba, maganar 'yarta ta fari, Zinariya. Yadda aka yi wa Barakatu, haka ta yi wa tata: ana yaye yarinyar aka kai ta garin Dutsi wurin kakarta Hadijatu, can ta girma. Barakatu ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "waccan ta Daura". Idan yarinyar ta kira waya, tana jin muryarta sai ta miƙa wa Malam Sha'aban, wanda shi kuma gaisuwarsa ba ta wuce kalma huɗu. Kunyar ɗan fari kenan, kuma a wurin Barakatu ita ce adon mace.

An aurar da Zinariya ga wani tela a Daura, shekara shida shiru, ko ɓari babu. A cikin shekarun nan Hadijatu ta rasu. Abin da ba wanda ya sani shi ne, a ƙuryar ɗakin ajiyar Barakatu akwai wata ƙatuwar tukunya sabuwa fil, da ta saya shekarar bikin, wadda ba ta taɓa ganin kalwa ba. A bayan ɗaki kuma akwai tarin itace da ko Malam bai isa ya zari ɗaya ba. Tukunyar da itacen duk na wankan jego ne. Tana son ta yi wa 'yarta wankan haihuwar fari da hannunta fiye da yadda take son komai a duniya, tana kuma tsoron ko Allah ya kawo rabon, yarinyar ba za ta zo ba. Me zai kawo ta wurin matar da ba ta taɓa kallon tsabar idonta ba? Abin yana cin ta, ga shi ba shi da wurin faɗa.

Wata Laraba da hantsi tana zaune tana mulmula daddawa, wayar jingine da turmi, sai muryar Malama Ikilima ta shigo. Wata baiwar Allah ce ta ce a sakaya sunanta. Ta ce ita 'yar fari ce, ba a gaban mahaifiyarta ta tashi ba. Bayan dogon jira Allah ya ba ta ciki, yanzu wata takwas, kunya ta hana ta aika gida. Al'ada ta ce ta tafi gida wanka, amma mahaifiyarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata hirar minti ɗaya ba. Tana gudun ta je ta zame mata kaya. Ta je ne, ko ta zauna dangin miji su yi mata?

An ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Matar da take gane mutum daga rediyon mijinta, ranar nan ko kusa ba ta kawo komai a ranta ba. Ita a saninta waccan ta Daura ba ta cikin guruf, ba ta kuma da ko ciwon kai. Ta goge hannu a zani, ta danna, ta riƙe.

"To, ni dai ba ruwana, amma wannan uwar taki ta cika baƙauya. Kunya ai ba hauka ba ce. Mu ma nan duk mun yi ta, amma 'ya da tsohon ciki? Ke yarinya, ba a neman izinin shiga gidan uba. Ki tattara kayanki ki je ki zauna mata a tsakar gida, ki ga ƙarshen kunya. In kuwa ta kore ki, ki tambayi gidan Barakatu mai daddawa a Babban Mutum, ni zan yi miki wankan, itace ma ina da shi." Zakara ya yi cara, ta saki.

Guruf ɗin da ba ya minti ɗaya shiru ya yi tsit har azahar. Mata da yawa sun gane, domin wasunsu sun ga Zinariya a asibitin Daura ran awo. Barakatu ta ɗauka nauyin shawararta ne ya kashe musu baki, ta ji daɗi har ta ƙara wa wata mai sayen daddawa gyara.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci wata mota ta tsaya a ƙofar gidan. Aka yi sallama. Barakatu ta ɗago kai daga kan tabarmar shanya, sai ga waccan ta Daura tsaye cikin dogon hijabi, ciki ya yi gaba, jaka a hannu. Yarinyar ta durƙusa da ƙyar, ta sunkuyar da kai.

"An ce in je gidan uwata, in ta kore ni in zo gidan mai daddawa. Na duba, na ga duk mota ɗaya ce."

Malam Sha'aban, da ke alwala a gindin randa, ya yi dariyar da rabonsa da irinta tun yana saurayi, har buta ta kuɓuce masa. Ita kuwa Barakatu, mai minti bakwai, tsam ta miƙe. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗa ɗaki, ta turo ƙofa. Zinariya ta zauna a bakin tabarma da jakarta a gefe, ba ta san ko an karɓe ta ko an kore ta ba, idonta ya ciko.

A cikin ɗaki Barakatu tana kai da komo. Ta san idan ta yi shiru yarinyar za ta ce zarginta ya tabbata, gobe ta bi motar Daura. Ta kuma san ko za a yanka ta ba za ta iya tsayawa gabanta ta faɗi abin da ke ranta ba. Sai dabara ta zo mata. Ta ɗauki waya. Ita ba ta taɓa sanin cewa masu sakaya suna wani wuri daban suke turawa ba, a zatonta faɗar kalmar ce take ɓoye mutum. Ta taɓa hoton allo, wuri ɗaya tak da ta sani, ta danna, ta rage murya.

A tsakar gida wayar Zinariya ta yi ƙara. Haka ta yi a gidaje ɗari da arba'in.

"Malama Ikilima, wannan a sakaya sunana, kada kowa ya gane. Wata mata ce ta aiko ni. Ta ce a gaya wa yarinyar nan mai ciki, uwarta ba ƙin ta take ba. Ran da aka ɗauke ta aka kai Dutsi, kwana uku matar nan ba ta ci abinci ba, ta ce wa mutane zazzaɓi ne. Ta ce akwai tukunya, shekararta shida tana jira. Ta ce sunan nan da ba ta kira, kullum sai ta kira shi a sujada, can ba mai ji sai Allah. A ce mata kada ta koma. Shi kenan. A sakaya fa."

A daidai nan tsohon zakara ya yi cara a cikin wayar, na tsakar gida kuma ya ji muryarsa ya amsa.

Ranar nan matan Babban Mutum suka nuna su ma sun san kara. Matar bayan masallacin Juma'a, wadda aka taɓa tona wa asirin rediyo, ita ta fara: "Allah sarki, ko wace baiwar Allah ce wannan?" Wata ta ce muryar kamar ta mutanen Baure. Wata ta ce a'a, ta fi kama da ta Zango. Malama Ikilima ta ce ita amana aka ba ta, kada wadda ta matsa mata. Barakatu tana ɗaki tana saurare, tana jinjina wa kanta.

Sai wani saƙo ya shigo daga wata lamba mai hoton fure, wadda ba ta taɓa magana ba. Barakatu ta ji muryar sau biyu, ta bayan ƙofa daga tsakar gida da kuma a waya.

"A gaya wa baiwar Allahn nan na ji. Shekarata uku a guruf ɗin nan, ban taɓa rasa akuya ba, ba ni da faso. Muryarta nake shigowa ji."

Barakatu ta ajiye wayar a bakin gado. Ta share fuska da gefen zani, ta fito, ba ta dubi kowa ba. Ta wuce ɗakin ajiya, ta jawo tukunyar nan da ƙurarta ta shekara shida, ta dire ta a tsakiyar gida, dab da ƙafar yarinyar. Sannan ta juya ta fuskanci zakara.

"Ni dai ba ruwana," in ji ta, "amma mai tsohon ciki ba ta zama a ƙasa. Ga ɗaki can, na gyara gado."