Ranar Da Na Kwaikwayi Baban Maikunkele

Shekara huɗu na yi ina shugabantar ƙungiyarmu ta malaman da ke koyarwa da kwamfuta a makarantun Minna da kewaye. Ba wata babbar ƙungiya ba ce. Ba mu da ofis, ba wanda ake biya. Wata makaranta a Sauka Kahuta ce ke ara mana aji duk Asabar ɗin ƙarshen wata, mu haɗu mu koya wa juna abin da muka iya. Sai kuma guruf da muka buɗe a waya, inda kowa ke jefa tambayarsa: wannan kwamfutarsa ta ƙi tashi, waccan tana neman yadda za ta koyar da yara hamsin da na'ura ɗaya. Mun haɗa kowa da kowa, Hausawa da Gwarawa da Nufawa da mutanen kudancin Kaduna, Musulmi da Kirista. Hausa muke yi a taro, a surka da Turanci inda ta kama.

Ni a unguwar Ƙetaren Gwari da ke Minna aka haife ni. Kakana daga Kano ya zo aikin jirgin ƙasa, ya zauna. A gidanmu ba a wasa da Hausa. In ka ce "kasa" a wurin "ƙasa" sai mahaifina ya sa ka maimaita har sai ta fito. Kafin in koma koyar da kwamfuta ma Hausa nake koyarwa a sakandare. Saboda haka duk takardar da za ta fita da sunan ƙungiya sai ta bi ta hannuna. Ina jin daɗin wannan matsayi fiye da yadda nake nunawa.

Akwai wani dattijo a cikinmu, Bagware, malamin firamare a Maikunkele. Kowa Baba yake ce masa. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya lokacin da ya shigo ƙungiya, kuma da girmansa ya koyi kwamfuta. A kan tsohon babur yake zuwa, ya naɗe kwamfutarsa da tawul ya saka a buhun shinkafa ya ɗaure a baya. Shi ke riga kowa zuwa, ya share aji, ya jera kujeru. Hausarsa irin ta wanda ya koya a kasuwa ce: mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa, ba ya kuma lanƙwasa harafi. In zai yi mini magana, ni da nake mace, sai ya ɗaga hannu kamar ɗan aji uku ya ce, "Shugaba, ka yi hakuri, ina da tambaya daya." Kuma ba ta taɓa zama ɗaya ba.

A wani taro cikin damina aka tsara mutum biyu za su gabatar da aikinsu, ni da shi. Ni na fara. Na yi kwana da kwanaki ina shirya bayani a kan dabarun koyarwa na zamani, na cika shi da manyan kalmomi. Mutane suka saurara cikin ladabi, wasu na duba waya a ƙarƙashin tebur. Da na gama aka tafa sama-sama.

Baba ya tashi ya kwance tawul ɗinsa. Darussan lissafi ya shirya wa 'yan aji biyu, da hotunan da ya ɗauka da wayarsa: kunyar doya a gonar maƙwabcinsa, kajin matarsa, buhunan gawayi a bakin titi. A ƙarƙashin kowane hoto akwai tambaya da Hausa, kuma in ka danna sai ka ji muryarsa yana karanta ta, da Hausa sannan da Gwaranci. Ajin ya ɗauki rai. Malamai suka riƙa ba da amsa da ƙarfi kamar yara, ana dariya. Kafin ya zauna wani ya ba da shawarar a raba darussan ga duk makarantunmu da sunan ƙungiya, kowa ya amince. Ni ma na ɗaga hannu, na yi murmushi, har na ce masa Allah ya ƙara basira. Amma a raina wani abu ya tsaya, ya ƙi wucewa.

Ranar Litinin lokacin tara ina zaune ni kaɗai a ɗakin malamai, na buɗe darussan ina dubawa. Kusan kowane layi da abin gyara. Na ɗauki waya da niyyar tura wa sakatariyarmu saƙon murya. Ƙawata ce tun muna kwaleji, 'yar kudancin Kaduna da ta tashi a Minna, kuma mun saba tsokanar juna. Na fara da maganar aiki, cewa ba zai yiwu mu fitar da wannan rubutu haka ba. Daga nan sai baki ya zarce. Na sauya murya, na kwaikwayi Baba: "Shugaba, ka duba, kaza ya yi kwai hudu, an dauke daya." Na yi ta yi, ina dariya ni kaɗai. Na rufe da cewa mutumin da bai iya bambanta mace da namiji ba shi ne zai koya wa yaran Minna, wai mu kuma mu sa masa hannu. Na tura, na aje wayar, na tafi aji.

Da na fito bayan minti arba'in na tarar sakatariya ta kira ni sau bakwai. Ina ɗagawa ta ce, "Hajiya, kin san inda kika tura saƙon nan?"

Na cire wayar daga kunne na duba. A guruf yake zaune, a ƙarƙashin hoton da muka ɗauka ranar Asabar. Nan take na goge shi, amma na riga na ga jerin waɗanda suka saurara. Sunan Baba na ciki.

Na mayar da wayar kunne na ce, "Wallahi ke na yi niyyar tura wa."

Ta ce, "To ko ni ɗin kika tura wa, me kike so in yi? In yi dariya? Hajiya, haka mamata take magana. Kin sha cin tuwonta."

Wannan maganar ta fi komai shiga jikina. Na tuna tsohuwar, yadda take ce mini "dana, ka ci abinci" duk sanda na je gidansu, ni kuma in durƙusa in gaishe ta. Na zauna a kan dakalin ofishin shugaban makaranta.

Guruf ɗin da ba ya minti goma ba a yi magana ba ya yi tsit har yamma. Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni ma da na fi samun sauƙi. Sai dai in ga an rubuta wane ya fita, wance ta fita. Washegari na rubuta wani abu da na kira ban haƙuri, na ce wasa ne aka yi wa mummunar fahimta, kuma idan akwai wanda ransa ya sosu ya yi haƙuri. Ba wanda ya tanka. Sakatariya ce ta rubuto mini ni kaɗai: "Wannan ba ban haƙuri ba ne, kin sani."

Ranar Laraba Baba ya turo sabon darasi kamar yadda ya saba. Hotunan na nan, amma duk rubutun da Turanci ne, kuma babu muryarsa. Na daɗe ina kallon allon wayar.

Ranar Alhamis na nemi izini a makaranta na hau mota zuwa Maikunkele. A hanya na shirya kalamai iri-iri, kowanne in na auna sai in ji kare kaina nake yi. An yi ruwa da safe, harabar makarantar duk taɓo. Wata malama ta nuna mini ajinsa da baki, ba ta amsa gaisuwata sosai ba.

Yana cikin darasi. Ya ɗora kwamfutar a kan kujera, kujerar a kan tebur, don na baya su gani. Da ya hango ni a bakin ƙofa bai nuna mamaki ba. Ya ce wa yaran, "Ku tashi ku gaishe shi, shugabanmu ne ya zo daga Minna." Yara suka miƙe suka gaishe ni da murya ɗaya. Ya ba ni benci a baya, ya ci gaba da aikinsa. Na zauna rabin awa ina kallo. In ya yi tambaya da Hausa wasu suka yi zuru, sai ya juya ta da Gwaranci, hannuwa su tashi. Yaran da ke gabana da irin Hausarsa suke raɗa wa juna amsa, kuma amsar daidai ce.

Da aka tashi tara ya fito da kujeru biyu ƙarƙashin mangwaro. Ban zauna a kan tawa ba, na durƙusa a gefensa, zanina cikin laka.

Ya ce, "A'a, Shugaba, ka tashi. Yara suna kallo."

Na ce, "Baba, su kalla. Na yi maka rashin kunya, ba wasa ba ne, ba kuma kuskuren fahimta ba ne. Aikinka ya fi nawa, na ji haushi, shi ya sa. Ka yafe mini."

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. Ya ce abu ɗaya yake so in sani, ba don ya ƙara mini nauyi ba. Duk sanda na turo saƙon murya a guruf, yakan tara malaman makarantarsu ya kunna musu, don suna cewa Hausata na da daɗin ji. Ranar Litinin da ya ga saƙona ya shigo, ya ɗauka a kan darussansa zan yi magana.

"Na ce masu, ku zo ku ji, shugaba ya yi magana a kan aikina. Na kara murya sosai. Har hedimasta ya zo."

Na sunkuyar da kai. Na tambaye shi me ya sa bai kashe ba da ya ji inda maganar ta nufa.

Ya ce, "Hannuna ya mutu. Na bari ya kare."

Na yi kuka a wurin, irin kukan da ba sauti. Bai rarrashe ni ba, ya jira har na gama. Sannan ya ce ya yafe, tun ranar ya yafe, domin shi ba ya kwana da mutum a ciki. Ya ce gaskiya ne rubutun na da kurakurai, kuma ba ya so yara su koyi rubutu ba daidai ba, don haka in ina da lokaci in gyara masa. Muryar kuwa ba zai sake sakawa ba.

Na roƙe shi ya mayar. Na ce ita ce ran darasin.

Ya girgiza kai. "Yanzu in na kunna na ji kaina, kai nake ji."

Na gyara rubutun, darasi bayan darasi, na yi wata biyu a kai. Aka raba su ga makarantu da sunansa a shafin farko, ba da sunan ƙungiya ba. Babu murya a ciki. Malaman da ba su ga na asali ba suna yabawa, ni kuwa na san abin da aka rasa da kuma wanda ya jawo.

A taron farko bayan saƙon nan na tsaya gaban waɗanda suka zo na faɗi abin da na yi da bakina, ban rage komai ba. Ba mu cika rabin aji ba ranar. Wasu sun dawo daga baya, wasu har yau in mun haɗu a kasuwa gaisuwa ce kawai. Abin da na lura da shi kuma ya fi damuna: waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ne sun daina tura saƙon murya. Sai su rubuta gajeren Turanci, ko su yi shiru da tambayarsu. Baba bai fita daga guruf ba, amma bai sake zuwa taron Asabar ba. In an tambaye shi sai ya ce babur ne ya tsufa. Da wa'adina ya cika ban sake tsayawa ba, aka zaɓi sakatariya. Ta fi ni iya riƙe mutane. Muna zumunci har yanzu, sai dai na ɗauki kusan shekara kafin in iya taka gidansu in gaishe da mamarta.

Da Baba ya yi ritaya makarantarsu ta shirya masa ɗan biki, ya aiko a gaya mini. Na je na zauna a layin baya cikin iyayen yara. Bayan jawabai aka fara rabon abinci. Wata dattijuwa mai ɗaurin ɗankwali babba ta zo da faranti ta tsaya a gabana, na gane matarsa ce. Ta dube ni da kyau, ta ce, "Kai ne shugaban?"

Na ce, "Ni ce, Mama."

Ta ɗan jima tana kallona. Sannan ta miƙo mini farantin sakwara da miyar ganye, ta ce in ci tun da zafi, ta wuce wurin na kusa da ni. Na ci loma biyu don kada a ce na ƙi, na riƙe farantin a cinya har aka tashi.