Amya ta Biyu

Kowa a gidanmu ya ɗauka tsufa ne ke sa Kaka hura wuta a tsakiyar bazara. Har matan maƙwabta na cewa jininta ne ya yi sanyi. Ba su gane komai ba. Ni ma ban gane ba, kuma ni na fi kowa mita.

A ƙauyenmu Damri, idan zafi ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa, Kaka kan tara busasshen kashin shanu a bayan rumbu bayan sallar isha, ta sa masa garwashi. Sai ta jawo sabuwar amyar ƙudan zuma da ta saƙa da ciyawa ta yaɓe da hannunta, ta kifa bakinta a kan hayaƙin tana juyawa a hankali. Mu jikoki muna kan tabarma, zufa na tsiyaya, ido na hawaye. Tatsuniya kaɗai ke riƙe mu.

"Kaka, ki hwara mana, dahuwa za mu yi!"

"Ke Uwar Gaggawa, in kin dahu mu ci tuwo da ke. To, ga ta nan, ku tare ta kahin ta tashi."

"Ta sauka mu ji ta."

Wai wani mutum ne mai amya ɗaya a kan ɗorawa. Ƙudan zumansa suka yi albarka, suka cika amyar har suka fito suka dunƙule a bakinta kamar gemu. Don kada su gudu, ya kwaɓa laka ya toshe ƙofar, ya bar 'yar kafa. Sarauniyarsu ta zo masa a mafarki ta ce, "Mun yi yawa. Ba mu wani ɗaki, ba mu ruwa." Ya ce gobe. Da goben ta yi ya ce jibi. Ranar da ya hau, zafi ya narkar da saƙar, zuma ta malale. Waɗanda suka sami kafa sun tafi, sauran sun mutu a ciki.

Na ce, "To ina sunka tahi?"

"Wurin wata tsohuwa mai amyar da ta sha hayaƙi," in ji ta, tana shafa tata. "Baƙo ba ya sauka inda ba a share ba."

Ni haushi nake ji. Ba kura, ba dodo, ba ko waƙa. Na taɓa ce mata wannan ba tatsuniya ba ce, aiki ne. Ta yi dariya har da tari, ba ta musa ba.

Ina ajin ƙarshe na sakandare a Mafara ta rasu. Da aka zo rabon 'yan kayanta, ba mai son amyoyi. Kawu Bawa, wanda ke hawa ya ɗaura mata su, ya ce ɗaya ce ta rage da ƙuda a ciki, a kan mangwaron lambunmu. Na ce tawa ce. Tun daga nan nake kula da ita, ba don sayarwa ba, sai dai abin lasa a gida.

Shekaranjiya na je lambu, na ɗaga kai, na ga gemu a bakin amya.

"Tashi za su yi, ɗiyata," in ji Kawu. "Mu sa musu wuta mu kwashe zumar, kada mu yi biyu babu."

Saura kaɗan in ce to, don ni ba na son jan magana. Amma ƙudan Kaka ne, na ƙarshe. Ina tsaye a nan na ji muryarta tana faɗa mini abin yi dalla-dalla: wani ɗaki, da ruwa, kuma ban da gobe. Ashe ta san ba mai zaunar da ni don darasi, shi ya sa ta naɗe shi cikin tatsuniya ta ba ni. Allah ya jiƙan Kaka, ya saka mata.

Jiya na sauko da tsohuwar amyarta daga rumbu na sake yaɓe ta. Na ajiye kaskon ruwa a gindin mangwaro, na jefa karare a ciki don kada su nutse. Kawu ya yarda zai hau ya ɗaura ta da asuba, bayan ta sha hayaƙi. Yau bayan isha zan hura wuta, kuma na ce 'ya'yan yayana su zo da tabarma. Matan maƙwabta kuwa, su ce jinina ya yi sanyi.