Shirun Da Na Goge A Kaset Ɗin Mahaifinta

Shekaru sun ja, na yi aure, na haihu, amma akwai wata Lahadi ta damina da ba zan manta da ita ba har ƙasa ta rufe mini ido.

A lokacin ina da ɗan sutudiyo a Bodinga, ɗaki ɗaya da na manne bangonsa da kiret ɗin ƙwai. Fiyano ɗaya gare ni, irin na zamani, sai kwamfuta da makirfo. Waƙoƙin biki nake haɗawa, ana kuma yabawa, amma ni raina bai taɓa kwanciya da sautin ba. Tsaf yake fita, ba ƙura ba tangarɗa, sai dai sanyi ƙalau kamar ka dafa gilashi da asuba. Abin da nake nema shi ne ɗumin nan na kiɗan da, wanda muke ji a rediyon gidanmu muna yara, mai kauri, mai ɗan rawa kamar muryar wanda ya gama kuka.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa shi ya buɗe mini ido. Da na kai masa kukana sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan zamani, wanga injin naka bai san kuskure ba, shi as sa ba shi da rai." Ya ce in haɗa murya biyu iri ɗaya a fiyanon, in ɗan karkatar da saitin ɗaya kaɗan don su riƙa gogar juna. In rage kaifin siririn sautin da ke sama. In buga da yatsuna, in hana kwamfuta daidaita mini bugun. Sannan babban sirrin: in tura kiɗan cikin tsohuwar rikoda da ƙarfi har allurarta ta riƙa leƙa ja, zaren kaset ya sha shi, in dawo da shi. "Kuma tsohon zare ya hi sabo," in ji shi, "wanda ya sha duniya." Ya nuna mini yadda ake cusa takarda a ramin da ke saman kaset idan an karya masa kunne, don rikoda ta yarda ta yi ɗauka a kansa. Da ma bai nuna mini wannan ba.

Akwai yarinyar da nake nema a Shagari. Ni kuwa mutum ne da littattafan soyayya suka yi rainonsa. Tun ina sakandare nake ɗauke na yayyena mata ina karantawa a bayan ɗaki. A kaina, soyayya ba ta cika sai saurayi ya yi wani abin ba-zata da zai sa budurwa hawayen daɗi. Kullum cikin neman wannan damar nake.

Ran nan ta miƙo mini wani kaset naɗe cikin ƙyalle. Ta ce, "Inna tac ce ka mai da muna shi cikin memori, duka. Rediyonmu ya fara taune zaren. Na Baba ne, don Allah ka riƙe shi da kyau."

Na san mahaifinta ya rasu tun ba a haife ta ba, a hanyar dawowa daga Kurmi inda ya kai albasa. Abin da ban yi ba shi ne tambayar me ke cikin kaset ɗin. Na ce mata kawai, "Ranki ya daɗe, an gama."

Na sa fuskar farko. Kiɗan da ne, wanda marigayin ya ɗauka daga rediyo, kuma ga ɗumin da na shekara ina nema yana kwarara daga zaren. Na kwashe shi tas cikin kwamfuta. Na juya ɗaya fuskar. Shiru. Sai shuuu ɗin zare kawai. Na jira kamar minti guda, na ce a raina babu komai, na kashe.

A nan ne tunanin littafi ya zo mini. Ina da wata waƙa da na yi mata, na daɗe ina ɓoyonta don sautinta bai gamshe ni ba. Na ce me zai fi wannan? Kiɗan da mahaifinta yake so a fuska ɗaya, waƙar masoyinta a ɗaya fuskar, a kan zare guda. Na duba saman kaset ɗin na ga kunnuwan nan biyu a karye. Wani ne ya karya su da gangan don kada a taɓa abin da ke ciki. Na gani da idona. Na yagi takarda, na dunƙule, na cusa, na danna jan maɓalli.

Wallahi ban taɓa jin sauti irin na ranar ba. Fiyanon nan mai sanyi ya dawo kamar yana numfashi. Waƙar na ƙarewa na tsayar da zaren, na mayar da shi farko, ina ta murmushi ni kaɗai.

Lahadi da hantsi na sa sabuwar shadda na hau babur. Gero ya yi kore shar a gefen hanya, ina tafe ina ƙirga irin kallon da za ta yi mini. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, na durƙusa na gaida Inna, na miƙa memori da kaset. Na ce, "Inna, a sa ɗaya fuskar a ji."

Ta ce, "Ai ita muka so dama, ɗan nan."

Ta gyara zama, ta rufe ido, ta ɗora hannu a kan rediyon kamar mai jiran baƙo. Sai ga kiɗana ya ɓarke.

Yarinyar ce ta fara miƙewa. "Mi ne ne wanga?"

"Taki ce," na ce. "Na ga wurin ba komi, shi ne na..."

"Ba komi?" in ji ta. "Shirun Baba ne ba komi?"

A tsaye ta faɗa mini abin da ke cikin fuskar. Mahaifinta bai iya rubutu ba, saƙon murya ya aiko daga Kurmi ta hannun wani direba. Da ya danna ɗauka sai kunya da kewa suka ɗaure masa baki, ya zauna kusan minti uku bai ce uffan ba. Bayan nan ne ya yi gyaran murya ya fara magana. Ya gaida matarsa, ya tambayi cikin da ya bari, ya ce idan mace ce a sa mata sunan mahaifiyarsa. Duk shekara ranar da ya rasu sukan zauna su saurara, har da shirun, ba sa tsallake shi. Muryar nan ita ce kaɗai abin da ta sani na ubanta.

Na kai hannu zan kashe rediyon, Inna ta riƙe ni. "Bari ya ƙare," ta ce a hankali. "Wataƙila shina can gaba."

Haka muka zauna, mu uku, muna sauraren muryata tana rantsuwar ba zan taɓa sa 'yarta kuka ba, 'yar kuwa tana kuka a gabana. Ban taɓa sanin minti shida na da tsawo haka ba. Da kiɗan ya mutu sai aka ji ƙas, sannan muryar wani namiji, mai taushi, daga nesa: "...sai Allah ya kawo ni." Shi ke nan abin da na bari.

Inna ba ta zage ni ba. Ta ciro kaset ɗin, ta sa tsinke ta zaƙulo 'yar takardar da na cusa, ta ɗora mini a tafin hannu. Ta ce, "Ni nak karya kunnuwan nan da hannuna. Tashi ka tahi, Allah shi kiyaye hanya."

Washegari na je wurin dattijon mai gyara ina roƙonsa ko akwai dabara. Ya girgiza kai ya ce abin da rikoda ta goge ya tafi. Na koma Shagari sau huɗu, yarinyar ta fito sau ɗaya. Ta ce ta yafe mini, amma duk lokacin da ta ji muryata, muryar da ta hau kan ta mahaifinta take ji. Ban sake komawa ba. Bayan shekara biyu na ji ta auri wani malamin makaranta a Lambara, zaɓin kanta.

Har yau ina haɗa kiɗa, kuma mutane na tambayata yadda nake samo ɗumin nan daga fiyanon zamani. Nakan koya musu komai, ban da cusa takarda. 'Yar takardar nan dai tana nan cikin aljihun tebur ɗina. Abin da ta koya mini shi ne, idan aka damƙa maka amanar wani, ba wurin nuna gwanintar sonka ba ne. Ka tambaya, ka saurara har ƙarshe, kuma idan ka ga an karya kunne, ka sani akwai wanda ya karya shi da dalili. Minti biyu kacal na kasa jira.