Yankansa Ba Ya Ciwuwa

Asabar ce, ranar da kaɗai ake buɗe kasuwa tun da aka fara yajin aikin da ya kashe garin Douala. A layin masu kaji na unguwar New Bell, wani dattijo yana zaune a kan kifaffen bokiti, yana figar kaza. Tabon sujada na nan a goshinsa, baƙi ƙirin. A wuyansa kuma ɗan gicciye ne na katako, in ya sunkuya sai ya leƙo daga riga. Bai damu ya mayar da shi ba.

Wata mata ta miƙo masa zakara. "Baba, yanka mini, sauri nake."

Hannunsa ya tafi ƙugu, inda wuƙa ta saba zama. Babu komai a wurin.

"Hajiya, ki kai wa Awalu a rumfar can. Yankana ba ya ciwuwa yanzu."

Ta dubi goshin, ta dubi wuyan, ta ce da Faransanci, "Ah bon," wato "ashe," ta wuce.

Ban san wanda ya yi masa wa'azi ba, balle abin da ya ji har ya bi Yesu. Wataƙila ya sami salamar da yake nema. Fuskarsa dai ba ta ce komai ba. Ina zaton shi ya koya wa Awalu riƙon wuƙa, don har yanzu "maigida" Awalu yake kiransa.

Awalu ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla. Leɓen dattijon ya motsa tare da nasa. Sannan aka miƙo wa dattijon yankakken zakaran, ya tsoma a ruwan zafi.